Takin da Na Zuba a Gonar Hukuma

Shekara goma sha ɗaya muka yi a bene, a wani rukunin gidajen haya da ke bayan titin Gate City Boulevard a Amurka, ni da matata da 'ya'yanmu. A duk tsawon lokacin nan, ƙasar da hannuna ya taɓa ita ce wadda ake sayarwa a buhu. Ina da bokitai shida a baranda: biyu na gauta, biyu na attarugu, ɗaya na yakuwa, ɗaya na alayyahu. Ni da na tashi a wani ƙauye a ƙasar Zazzau, a gidan da ake cika rumbu uku, na koma manomin bokiti. Da rana ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, da yamma in hau bene in ba shuka ruwa da butar shayi.

Wani ɗan majami'armu ne ya kawo mini labarin gidan. Ya ce akwai wata tsohuwar gona wajen McLeansville da hukuma ta saya daga magadan mai ita, da niyyar wata rana ta mai da ita wurin shaƙatawa na jama'a. Kafin ranar ta zo, ba sa so gidan ya ruɓe, ba sa so filin ya koma daji, shi ya sa suke ba da hayar su da sauƙi ga wanda zai zauna ya kula. Na je na gani ranar Asabar. Gidan katako ne mai ɗaki uku, tsoho, rufinsa na kwano. Bayansa fili ne da bai kai eka biyu ba, ya gangara zuwa wani ɗan rafi. Na tsuguna na ɗebi ƙasar. Ja ce, mai danƙo, ta gaji. Amma ƙasa ce, ba ta buhu ba.

Zan bi abin daki-daki, don kuskuren da na yi yana da asali, kuma ba na so a ɗauka wauta ce kawai.

Takardu biyu aka ba mu, ɗaya ta gida, ɗaya ta gona. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, Turancina kuma na sito ne, ya ishe ni aiki amma bai ishe ni takardar lauya ba. Sai babbar 'yata, wadda take aikin jinya kuma take zaune a Glenwood, ta zo ta karanta mini a kan tebur, layi bayan layi, tana juya mini da Hausarta mai ɗingishi. Ba a sare itace. Ba a ƙona ciyawa. Ba a farauta. Ba a gina komai, ko da akurkin kaji. Wajibi ne in riƙa yanke ciyawar bakin hanya, in rufe ƙofar shiga filin, in sanar da ofis idan na ga wani yana zubar da shara. Duk na yarda. Ni mutum ne mai son a gaya mini doka tun farko.

Da ta zo wani wuri sai ta ɗora yatsa ta tsaya.

"Baba, ka saurara da kyau. Shekara ɗaya ce kawai. Kowace shekara sai an sabunta. Kuma in suna son filin, za su ba ka sanarwar kwana sittin, shi ke nan."

Na ce, "Na ji. Ai duk aro haka yake."

"Ba aro ba ne, Baba. Haya ce."

"Aro da haya uwarsu ɗaya. Ci gaba."

Ga abin da yake kaina a lokacin. A garinmu, wanda aka ba aron gona ko hayarta ya san iyakarsa. Ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, kuma in an yi girbi yana kai wa mai gona dami ɗaya, don kowa ya tuna ta wane ne. Mai gona na iya karɓar abinsa bayan kowace kaka. Amma akwai abu guda da yake ɗaure mai gona. Idan mai aro ya zo gabansa da shaida ya ce yana so ya zuba taki, shi kuma ya ce a zuba, to ya ba da damina uku ke nan. Taki ba ya ba da ƙarfinsa duka a shekara ɗaya. Shekarar farko ya jiƙa, ta biyu ya yi aiki, ta uku ya ƙarasa. Wanda ya ɗauki wahalar kai shi gona shi zai ci shi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kuma buƙatar a faɗe shi a wurin. In mai gona ba ya son ɗaurin, sai ya ce kada a zuba, magana ta ƙare. Na ga mahaifina ya jira wani mutum damina biyu a kan gonarsa ta gado, alhali yana buƙatarta don yayana da ya yi aure, saboda kawai bakinsa ya riga ya ce a zuba. Ban taɓa tunanin wannan al'adar garinmu ce ba. Na ɗauka hankali ne, kuma hankali ba shi da gari.

Muka tare. Shekarar farko na shuka masara, kuɓewa, gauta, yakuwa da gyaɗa. A nan ruwa ba shi da wata ƙayyadaddiyar damina, sanyi ne yake buɗe noma ya rufe shi, amma ni har yau damina nake ce wa watannin. Masarar ta tsaya a ƙuguna ta yi rawaya. Abin da ya yi ɗan kyau, barewa suka shigo suka riga ni, ga shi an hana ni ko harbin iska. Shekara ta biyu na kewaye filin da raga, wadda ake iya cirewa, don kada a ce na yi gini. Barewa suka rage, amma ƙasar ba ta sake ba. In an yi ruwa ta kama takalmi, in an yi rana ta koma kamar bulo. Fartanyar da na zo da ita daga gida sai da ta lanƙwashe baki. An sabunta mini takarda sau biyu ba tare da wata magana ba, hankalina ya kwanta. Na ce lokacin taki ya yi.

Ina da aboki, wani Alhaji Bakano mai sayar da tsofaffin motoci. Mun san juna tun zuwana. Shi musulmi, ni kirista, ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba. Rigimarmu duk a kan Kano da Zariya take. Na kira shi na ce ina so ya raka ni ofis ranar Litinin.

"Me ka yi, Sarkin Noman Amurka? Barewa sun kai ƙararka?"

"Shaida nake so."

"Bazazzage yana neman Bakano shaida. Lallai duniya ta zo ƙarshe. Zan zo, amma kai za ka sayi mai."

Na cika kwando da gauta da kuɓewa, mafi kyau a cikin ɗan abin da na samu, muka tafi. Matar da ke kula da hayar filayen tana da kirki, ban taɓa ganin ta ɗaure fuska ba. Na sa Alhaji ya zauna inda zai ji. Sannan na miƙe tsaye, don ba a yin irin wannan magana a kishingiɗe, na ce mata ina neman izini in zuba takin doki a gonar, duk faɗinta.

Ta yi murmushi ta ce ai wannan abu ne mai kyau ƙwarai, ƙasar za ta ji daɗi. Ta ce in dai nisanta shi da rafi.

Na sake tambaya, a hankali, don kada a ce ba ta fahimta ba. "Kin yarda in zuba?"

Ta ce ta yarda.

Na juya na ce da Hausa, "Alhaji, ka ji?"

"Na ji."

Na ɗora mata kwandon a kan tebur. Nan ta ɗan ja baya, ta ce ta gode, amma ba a yarda su karɓi kyauta daga masu haya ba. Da ta ga fuskata sai ta ce za ta ajiye a ɗakin shan shayi, duk wanda yake so ya ɗiba. A garinmu in mai gona ya ƙi karɓar dami, kowa ya san akwai magana a ƙasa. Ya kamata wannan ya tsayar da ni. Bai tsayar da ni ba.

A mota Alhaji ya ce, "Wai Malam, shaidar me na yi yau?"

"Shaidar taki. Damina uku."

"Ni dai ban ji an ambaci uku ba. Na ji rafi."

"Ba a ambata. Ba ka taɓa noma ba, shi ya sa."

"Gaskiya ne, mu saye muke yi in kun noma. Amma ka tabbata matar nan ta san abin da ta amsa?"

"Babba ce, ma'aikaciyar filaye ce. Wanda yake ba da gona ai ya san taki."

Alhaji ya ce to, ya kunna rediyo.

Kusa da mu akwai wata tsohuwa Baturiya da ke ajiye dawakan mutane. Bayan bargarta kashin doki ya taru kamar tudu, shekara da shekaru, ya haɗu da garin katako. Da na tambaye ta nawa za ta sayar, dariya ta yi, ta ce in na kwashe ita ce za ta gode mini. Alhaji ya ba ni aron wata tsohuwar a-kori-kura da ta ƙi sayuwa. Na fara bayan sanyin farko ya ƙone ganyen kuɓewa.

Ga yadda na tsara aikin. Ba na taɓa sabon kashi na gaba, sai na zagaya baya inda ya ruɓe ya yi baƙi, wanda in ka tona da shebur yake fitar da tururi. In cika mota. In rufe da tamfol don kada ya zuba a kan titi. In shiga gona ta gefen sama, in sauke tsibi-tsibi, taku goma tsakanin kowane tsibi, layi bayan layi, kamar yadda ake yi a gida da jaki da mangala. In wanke shebur. In koma. Ranar Asabar ina yin sawu uku, in jiki ya yarda huɗu. Lahadi ba na aiki. Da na ga Asabar ba za ta ishe ni ba kafin ƙasa ta daskare, sai na karɓi hutun mako biyu da na tara a wurin aiki.

Wannan hutun na zuwa gida ne. Yayata, wadda ta goye ni, ta tsufa, kuma mun riga mun gaya mata muna tafe bayan Kirsimeti. Matata ta tsaya a bakin ƙofar baya tana kallona ina cire takalmin roba.

"Baban yara, yanzu kashin doki za ka ba hutunka, ka bar Yaya tana duban hanya?"

"Shekara ɗaya ce. In na zuba yanzu, shekara uku ba zan sake ba. Baɗi mu tafi da garin masarar gonarmu, ta ci."

"Gonarmu."

"Gonar da muke nomawa."

"To gara da ka gyara. Kuma kada ka shigo mini da wandon nan. Jiya a majami'a matar da ke kusa da ni sai da ta matsa."

Sawu arba'in da ɗaya na yi. Rabin gonar na ƙasa, wani maƙwabci ya shigo da tarakta ya juya mini takin cikin ƙasa kafin sanyi ya yi tsanani. Rabin sama na bar shi a tsibi, in baza shi dab da shuka. Bayana ya riƙe a sawu na talatin da wani abu, har yau in na daɗe a zaune sai na dafa kafin in miƙe. Amma duk safiya kafin in tafi aiki nakan tsaya a taga in dubi tsibin nan a jere, baƙaƙe a kan jar ƙasa, in ji na yi abu yadda ya kamata.

A ƙarshen watan Fabrairu na dawo daga aiki na tarar da turaku a gonar, an ɗaura musu jan ƙyalle. Sun bi ta tsakiyar layukana ba tare da sun kula da su ba. Ɗaya ma a kan tsibi aka kafa shi. Bayan kwana huɗu wasiƙa ta zo. 'Yata ta karanta mini ta waya, bayan na ɗauki hoton wasiƙar na tura mata. An samu kuɗin fara aikin wurin shaƙatawa. Gonar za ta zama wurin ajiye motoci da mafarin hanyar masu tafiya a ƙasa. Ba za a sabunta takardar gona ba. Gida kuwa muna iya ci gaba da zama, shekara-shekara, kamar da. Kwana sittin in kwashe duk abin da yake nawa.

Na ce mata, "An yi kuskure. Wanda ya rubuta bai san an yi maganar taki ba."

Ta ce, "Baba, wace magana?"

Na gaya mata duka, har da shaida. Ta ce wani abu da Turanci wanda ba da ni take ba, sannan ta ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba kafin ka fara? An rubuta?"

"Ba a rubuta irin wannan."

"A nan abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba."

"To mutanen nan ba su da baki ne, sai alƙalami?"

Na ɗauki Alhaji muka koma ofis. Wannan karon bai yi mini ba'a a hanya ba, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Matar ta tarbe mu da fara'a, ta ce ta san labarin bai yi daɗi ba. Na tuna mata ranar da na zo. Ta tuna, har da gautar, ta ce ba wanda ya san yadda ake cin ta. Na ce ta ba ni izinin taki a gaban wannan mutum. Ta ce haka ne. Na ce to saura damina uku. Ta dube ni, ta dubi Alhaji.

Alhaji ya fi ni Turanci, shi ya yi mata bayani, tiryan-tiryan, yadda abin yake a wurinmu. Ina kallon fuskarta. Ba fuskar mai wayo ba ce da aka kama. Fuskar wadda ba ta taɓa jin abu ba ce tun da aka haife ta. Ta dafe ƙirji ta ce wannan al'ada ce mai kyau, kuma ta yi baƙin ciki ƙwarai. Ta ce ita ta ɗauka ina tambaya ne ko taki ya saɓa dokar wurin. Ta ce ko a ranar da na zo ana maganar aikin, amma ba a tabbatar ba, kuma an yi shekaru ana maganarsa ba a yi ba.

Na ce, "Da kin ce mini kada in zuba."

Ta ce ba ta da dalilin hana ni, tunda ba laifi ba ne.

Wannan amsar ita ta fi ci mini rai, don ba ƙarya a cikinta. Na saba da mai zalunci, na san yadda ake tsayawa a gabansa. Ban san yadda ake yi da wanda ya cuce ka yana ba ka haƙuri da zuciya ɗaya ba. Kuma ba ita ce mai gonar ba. Na tambaya wane ne mai ita, in je in same shi. Ta ce ta jama'a ce. Na ce jama'a suna ina. Ta ce akwai taro a wata mai zuwa, kowa na iya magana.

Na shirya. Na rubuta abubuwa bakwai a takarda, da lamba, 'yata ta juya su zuwa Turanci, na yi ta maimaitawa a mota. Na farko, wane ne ni da shekarun da na yi a garin. Na biyu, yadda na kiyaye dokokin wurin ba tare da an taɓa kuka da ni ba. Na uku, yadda na nemi izini. Na huɗu, yawan takin. Na biyar, yadda taki yake aiki a ƙasa. Na shida, al'adar damina uku. Na bakwai, roƙona: in ba za a ba ni uku ba, a ba ni ɗaya, a fara aikin bayan kaka.

Ba wanda ya gaya mini minti uku ake ba kowa. Kafin ni wata mata ta yi magana a kan inda karnuka za su sha ruwa. Wani mai wandon 'yan tseren keke ya nemi a faɗaɗa hanya. Da aka kira ni na gaishe da shugabanni ɗaya bayan ɗaya, na gaishe da jama'a, na fara. Ina tsakiyar na uku wata ƙararrawa ta yi ƙara, mai kujerar tsakiya ya ce sun gode ƙwarai. Na ce saura huɗu. Ya ce in miƙa takardar, za a saka ta a fayil. Wasu suka tafa mini. Ban san abin da suka tafa wa ba, tunda ban kai ga magana ba.

A waje Alhaji, wanda ya raka ni, ya ce, "Da ka fara da na bakwai."

"Ba a fara gini daga rufi."

"A nan ana yi, Malam. Minti uku ba ta san gaisuwa ba."

Amsa ta zo a rubuce. An riga an ba ɗan kwangila rana, ba za a ɗaga ba. Sai na sake komawa ofis ni kaɗai da tambaya guda: tunda ba zan ci takina a nan ba, zan iya kwashe shi? Matar ta ce sai ta tambaya. Bayan kwana biyu ta kira ni. Wanda yake a tsibi, ba a baza ba, kayana ne, dole ma in kwashe kafin wa'adi. Wanda tarakta ta juya kuwa ya zama ƙasar wurin, kuma doka ta hana ɗibar ƙasa daga filin jama'a.

Haka na sake karɓar a-kori-kurar Alhaji. Abin da na sauke da hannuna a watan Nuwamba na sake lodawa da hannuna a watan Afrilu, ya sha ruwa ya ninka nauyi. Ban taɓa jin wanda ya kwashe taki daga gona ba, ko a labari. Babu ma inda zan kai shi. Na zuba kaɗan a gefen gida, inda matata take da 'yan kunyoyin alayyahu. Na kai wa Alhaji sawu biyu bayan gidansa, matarsa Hajiya tana toshe hanci tana godiya. Sauran na bi 'yan majami'armu gida-gida, masu ɗan fili a baya da masu bokiti a baranda. A lokacin da ya kamata in yi shuka, ina yawo a gari ina roƙon mutane su karɓi kashin doki.

Katafila ta zo ranar da aka ce. Ina tsaye a bakin ragar da na naɗe. A rabin gonar na ƙasa, inda aka juya takin, bakin katafilar yana shiga sai ga ƙasa tana tashi baƙa, mai laushi, da tsutsotsi a ciki. Direban ya leƙo ya ce mini wannan ƙasa ce mai kyau. Na ce na sani. Suka ture ta gefe, suka zuba tsakuwa.

Yayata ta rasu a watan Yuli na shekarar. Na je, amma jana'iza na je.

Ba zan ce hukuma ta yi watsi da ni ba, don ba haka aka yi ba. Da kaka matar ofis ta kira ni da murna a muryarta. Ta ce akwai wani fili a ƙetaren titi, cikin ƙasar da suka saya, wanda aikin bai kai gare shi ba tukuna. Ta yi magana an yarda a ba ni. Na tambaye ta shekara nawa. Ta ce ɗaya, ana sabuntawa. Na ce a rubuta uku. Ta ce ba ta da ikon haka, ba wanda yake da shi, don ba a san lokacin da kashi na biyu na aikin zai zo ba. Yana iya zama baɗi, yana iya zama bayan shekara goma.

Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na sa hannu. Mutum irina ba ya zama a gidan da ke kallon fili ya koma bokiti.

Yanzu damina ta biyu ke nan ina noma wannan sabon filin. Ja ne, mai danƙo, kamar yadda wancan yake da farko. Ina shuka gyaɗa da wake da ɗan dankali, abubuwan da ke haƙuri da ƙasa mai yunwa. Masara na daina. Tsohuwa mai dawaki ta tare ni a bakin hanya kwanan baya, ta ce tudun ya sake taruwa, yaushe zan zo. Na ce mata ba yanzu ba.

Na san abin da filin yake so. Ina ganin sa a launin ganye duk safiya. Na san sawu nawa zai ci, na san inda zan fara saukewa. A garinmu manomin da yake cin ƙasa ba ya ciyar da ita, ba a ba shi aro sau biyu, kuma ni da bakina na sha zagin irinsu. Yau ga ni ina tsinkar abin da ƙasa ta ba ni ina juya mata baya, shekara ɗaya-ɗaya, yadda takarda ta ce. Matata ta ce in zuba ko kaɗan ne, in an karɓe an karɓe, ai ƙasar Allah ce. Na ce mata a'a. In sun rubuta uku, gobe da asuba zan ɗauki shebur. Ba su rubuta ba.